RA'AYI: Farar fitila a tsohuwar mota, da haƙƙin idon mai tahowa

Wanda ya saba tuƙi a cikin garin Gombe bayan sallar isha'i ba ya buƙatar a gaya masa cewa daren titi ya sauya kama. A da fitilar mota ruwan ɗorawa ce, mai taushi, wadda direba ke iya kawar da ido kaɗan ya wuce ta lafiya. Yanzu kuwa, daga Tumfure zuwa tsakiyar gari, ko a hanyar Biu, ko ta Dukku, sai mutum ya hango wani farin haske mai ratsin shuɗi ya tunkaro shi kamar wutar walda, ya ɗauka ƙasaitacciyar motar wani attajiri ce. Sai sun gifta juna ya ga ashe tsohuwar Golf ce, ko Sharon ta haya, ko Honda wadda ta girmi direbanta. An cire mata ƙwan da kamfani ya sa mata, an cusa na HID, wanda masu wayarin ke kira zenon.

Adalci ne a fara da uzurin mai motar, domin uzurinsa ba na banza ba ne. Duk da fitilun kan titi da aka kakkafa a manyan hanyoyin birnin, da zarar direba ya bar gari ya nufi Kumo da Kaltungo, ko Bajoga, ko Dadin Kowa, to shi da duhu ne. Akwai ramuka, akwai shanu masu tsallaka titi, akwai tirelar da ta lalace aka bar ta a kan kwalta babu wata alama sai 'yan ganyayen da aka zuba, akwai mai babur da ke tafe babu wutar baya. Wanda fitilarsa ta dushe har ba ya ganin taku talatin a gabansa yana da gaskiya idan ya nemi ƙarin haske. Abin da ake ja da shi a nan shi ne hanyar da akasari ke bi wajen samun hasken, wadda ke makantar da jama'a, kuma ba ta ba mai motar abin da ya biya kuɗi dominsa.

Ƙwan HID ba sabon abu ba ne a duniya. Kamfanin BMW na Jamus ne ya fara fito da shi a jikin mota a shekarar 1991. Bambancinsa da ƙwan halojin da aka saba da shi babba ne. Na halojin yana da siririn zaren ƙarfe a ciki, wanda wuta ke bi ya yi zafi ya haskaka. Na HID ba shi da zare sam: tartsatsi ne ke tsallakawa tsakanin ƙarafa biyu a cikin wani ɗan kumburin gilashi mai ɗauke da iskar zenon da gishirin ƙarfe. Kafin tartsatsin ya tashi sai an buga masa wuta mai ƙarfin bolt 20,000 ko fiye, alhali batirin mota bolt 12 ne kawai. Wannan ne aikin ɗan akwatin nan da ake kira balas, wanda ke zuwa tare da ƙwan. Idan ya kama, ƙwan HID mai wat 35 yana ba da haske kimanin lumen 3,200, wato ma'aunin yawan haske, yayin da halojin mai wat 55 ke ba da tsakanin 1,000 da 1,500. Ga haske ninki biyu zuwa uku, ga ƙarancin cin batir. A takarda dai babu abin ƙi.

Sai dai fitilar mota ba ƙwai ba ce kaɗai, kuma nan ne ciniki ke ɓaci. A bayan ƙwan akwai kasko mai ƙyalli kamar madubi, wanda injiniyoyi suka lanƙwasa bisa lissafin inda zaren halojin yake, da tsawonsa, da kaurinsa, ta yadda duk hasken da ya fito za a tattara shi a kwantar da shi a kan kwalta. A fitilar dim, aikin kaskon shi ne ya yanke hasken a wani layi, ƙasa da layin haske, sama da shi duhu, domin idon mai tahowa ya kasance a cikin duhun. Tartsatsin HID kuwa ba shi da siffar zaren. Ya ɗan gantsare sama, hasken ya fi taruwa a bakinsa biyu, kuma a ƙwayayen kasuwa masu araha ba lallai ne ya zauna daidai inda zaren yake zama ba. Kuskuren milimita ɗaya ko biyu a cikin kaskon yana zama kuskuren mitoci a kan titi. Sakamakon haka sai layin yankan ya watse, hasken ya fantsama sama da gefe, ya haske rassan bishiya da allunan talla da fuskokin mutane. Kamar mutum ne ya ari tabarau na likita da aka auna wa idon wani.

Abin mamaki shi ne mai motar yakan fito daga garejin mai wayarin cike da murna. Ya ga gabansa ya yi fari fat, ya ɗauka ya ci riba. Abin da bai lura da shi ba shi ne mafi yawan hasken ya zube ne a 'yan mitocin da ke gaban bamba. Idan kusa ya yi haske ƙwarai, ƙwayar ido takan tsuke, idan ta tsuke kuma sai ganin nesa ya ragu. Ramin da zai fasa masa taya, ko saniyar da za ta shigo masa, ba a gaban bamba suke ba, suna can mita sittin ko tamanin, inda ya kamata ya hango su tun da sauran damar taka birki.

Wanda ke biyan kuɗin wannan kuskure kuwa shi ne na ɗaya hannun. Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan haske ya kashe wa direba ido na daƙiƙa biyar, ya yi tafiyar da ta zarce tsawon filin ƙwallo bai ga komai ba. A cikin wannan tazara akwai ɗan acaɓa da ya goyo mace da jariri, akwai mai Keke Napep, akwai almajiri mai tsallaka titi, akwai dattijon da ya fito daga masallaci. Mai babur ma ya fi kowa shan wahala, domin ba shi da inda zai kauce sai bakin kwalta mai yashi. Idan hatsari ya auku, akan rubuta gudun wuce kima ko ƙwacewar mota, ita kuma farar fitilar da ta haddasa abin ta daɗe da wucewa, mai ita bai ma san abin da ya bari a baya ba.

Akwai wani dalili da ya sa lamarin ya fi tsanani a wannan yanki. Binciken ƙasa kan makanta da raunin gani da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma Arewa maso Gabas ce ta fi kowace shiyya, da kashi 6.1. Yanar ido ce kan gaba a cikin dalilan. Tun kafin yana ta kai ga rufe ido, alamarta ta farko ga mutane da yawa ita ce rashin jure haske da dare, domin idon da ya fara gauraya yakan warwatsa hasken da ya shige shi. Ke nan direbobin haya masu shekara hamsin da sittin, waɗanda su ne suka fi ƙwarewa da natsuwa a kan hanya, su ne farar fitila ta fi makantarwa, kuma idonsu ya fi jinkirin dawowa daidai bayan ta wuce. A bayan kowannensu akwai fasinjoji.

Shi kansa yanayin garin bai taimaka ba. Gombe a cikin kwari take, mai shigowa daga Bauchi gangarowa yake yi, titunan cikin gari kuma hawa da sauka ne. Duk motar da ta hau tudu hancinta yakan ɗaga, hasken ya miƙe cikin idon wanda ke tahowa. Ƙara da yadda ake lodin motocin haya: a cika but da buhunan masara ko wake har murfin ya ƙi rufuwa sai an ɗaure da igiya, baya ya zauna, gaba ya kalli sama. Ko fitilar halojin ce a irin wannan hali takan dami mutane, balle wadda ta ninka ta uku.

Sannan ga batun launi, inda talla ta fi yaudarar mai saye. A jikin kwali akan rubuta 6000K ko 8000K, har da 10000K, mai shago ya ce wa mutum babbar lamba ita ce babban haske. Ba haka ba ne. Lambar launi take nunawa, ba ƙarfi ba. Ƙwayayen da kamfanonin mota ke sawa tun daga masana'anta suna wajajen 4300K ne, fari mai ɗan ɗumi, kuma a nan ne HID ya fi ba da haske. Duk yadda lambar ta hau, launin na komawa shuɗi, hasken na raguwa, damuwar da yake yi wa idon mai kallo na ƙaruwa. Mai 8000K ya sayi ado ne, ya rage wa kansa gani. A lokacin hunturu, idan hazo ya sauka daga Disamba zuwa Fabrairu, fitilar da ke watsa haske sama takan gina wa direbanta farin bango a gabansa, domin ƙurar da ke cikin iska tana maido masa da hasken cikin ido.

Mafi muni shi ne abin ya zama gasa. Wanda aka kashe wa ido yau, gobe zai je a sa masa wadda ta fi, ya ƙara da dogon sandan fitila a kan bamba, domin ya rama. Manyan motoci, da ma fitilarsu a sama take, sun bi sahu. Tsohuwar al'adar nan ta direbobi, wadda idan an haɗu kowa zai sauke ful ya koma dim, ta fara rasa ma'ana, domin dim ɗin wasu ya fi ful ɗin wasu cutarwa. Sai ka ga an yi ta ƙyafta wa mutum fitila ana roƙonsa ya sauke, shi kuma ya fusata, don a saninsa a dim yake.

Ƙasashen da suka ƙirƙiro wannan fasaha sun san haɗarinta tun farko. A Turai, ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 48 kan fitilun mota ta tanadi cewa duk fitilar dim da haskenta ya haura lumen 2,000 dole ta zo da na'urar da ke daidaita tsayinta da kanta idan lodi ya sauya, da kuma abin wanke gilashinta, saboda datti ma yana warwatsa haske. A Ingila, motar da aka cusa wa ƙwan HID a gidan halojin ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. A Amurka ma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe da bayyana cewa irin waɗannan kayan sauyi ba su dace da ƙa'idar tarayya ba. Kayan da aka rufe wa ƙofa a can su ne ke samun kasuwa a inda babu mai tambaya.

A Najeriya ba hukumomi aka rasa ba. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa tun 1988, kuma laifin fitila yana cikin jerin laifukan da take cin tara a kansu. Akwai jami'an VIO na jiha, waɗanda su ke da alhakin tabbatar da lafiyar mota kafin a ba ta takardar cancantar hawa titi. Akwai hukumar SON mai kula da ingancin kayan da ake shigowa da su. A Gombe an ƙara da jami'an GOSTEC. Matsalar ita ce kusan duk binciken da rana ake yin sa, kuma tambayar ɗaya ce: fitila tana kamawa ko ba ta kamawa? Inda hasken ke sauka, wanda shi ne ainihin abin dubawa, babu mai aunawa.

To, me ya kamata mai tsohuwar mota ya yi idan fitilarsa ta gaza? Kafin ya taɓa aljihu don sayen zenon, ya fara tambayar abin da ya kashe hasken da motar ta zo da shi. Sau da yawa laifin ba na ƙwai ba ne. Murfin fitilar mafi yawan motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau roba ce, rana takan ƙona ta ta koma rawaya. Wani gwaji da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta fitar a 2018 ya gano cewa fitilar da murfinta ya dushe tana ba da kusan kashi 20 cikin 100 ne kacal na hasken sabuwa. Idan haka ta faru a ƙasa mai sanyi, ina ga motar da ta shekara goma tana kwana tana wuni a ranar Gombe? Goge murfin da shafa masa abin kariya, ko sauya gidan fitilar idan ƙyallin kaskon ya ƙone, yakan dawo da abin da aka rasa. Na biyu shi ne waya. Tsohuwar waya, da soket mai tsatsa, da wayar bodi da ta saki, duk suna shanye wuta a hanya. Shi kuwa halojin ba ya yafe wannan: idan wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. Mai wayarin da ya san aikinsa zai auna, ya ja sabuwar waya mai kauri daga batir ta hanyar rile da fis, ya sa ƙwai na kamfanin kirki mai wat ɗin da aka rubuta. Da yawa daga masu neman zenon, da an yi musu wannan, da sun fasa.

Wanda kuma ya dage sai HID, to ya yi aikin gaba ɗayansa. Gaba ɗaya na nufin a sauya gidan fitilar da wanda aka ƙera domin HID, wato mai furojekta, wanda ke da dunƙulallen gilashi a gaba da wani ɗan ƙarfe a ciki mai yanke haske a miƙaƙƙen layi. Ko a cikin masu furojektan, wanda aka yi wa halojin daban, wanda aka yi wa HID daban, kuma ƙwan D2S da ake sa wa furojekta ba ɗaya yake da D2R na kasko ba. Akwai wani tarko da 'yan gwanjo ba su cika faɗa ba. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilun 1972, don haka fitilar da ta dace da titinta ita ce wadda layin haskenta ke ɗan ɗagawa ta dama, ya haska gefen hanya da masu tafiya a ƙasa. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan ta hagu take ɗagawa, wato kai tsaye cikin idon mai tahowa, komai kyanta da tsadarta. Minti ɗaya a gaban bango ya isa a gane wacce ce.

Sauran sharuɗɗan ba su da yawa. Wat 35 ya wadatar, mai wat 55 zafi yake ƙarawa, ya ƙona ƙyallin ciki. Launi kada ya wuce 4300K zuwa 5000K. A ba shi rile da fis nasa, domin a daƙiƙun farko na kunnawa balas yakan ja wuta fiye da yadda tsohuwar waya da makunni za su jure. A ɗaure balas ɗin nesa da zafin inji da inda ruwa ke fantsama, kada a bar shi yana lilo da igiyar roba, kuma kada a taɓa wayarsa fitila na kunne. Mai motar da ke amfani da ƙwan H4, wanda dim da ful ke cikin ƙwai ɗaya, ya kula sosai: wasu kayan masu araha haske ɗaya kawai suke da shi, sai mutum ya wayi gari ba shi da ful, ko kuma ba shi da dim. Ita ma fitilar ful mai zaman kanta gara a bar ta da halojin, saboda HID yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya cika haske, kuma yawan ƙyaftawa na rage masa kwana. Ƙwan da ya mutu a kiyaye fasa shi, da yawansu akwai sinadarin makyuri a ciki.

Bayan duk wannan sai saiti, wanda shi ne mafi araha kuma shi aka fi watsarwa. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, tayoyi da iska daidai. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama a bangon. Layin yankan dim ya kamata ya sauka kimanin santimita 10 zuwa 15 ƙasa da alamar, kuma a jikin gidajen fitila da yawa an rubuta adadin, kamar 1.0% ko 1.2%. Motocin Turai irin su Golf da Peugeot 406 da dama suna da ɗan maɓalli kusa da sitiyari na sunkuyar da fitila idan an yi lodi, wanda direbobi da yawa suka shekara suna kallo ba su san amfaninsa ba. Idan aka haska bangon aka ga babu layi sam, sai farin dambu ko'ina, to babu saitin da zai gyara wannan fitila. A cire ƙwan.

Wannan gwajin bango shi ne abin da ya kamata gwamnatin jiha ta ɗora wa ofishin VIO a lokacin sabunta takardu. Ba ya buƙatar kwangila ko na'ura daga waje, bango ne da fenti da ma'auni da rumfa mai duhu. Ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW suna iya yin irinsa a tashoshinsu kafin motar dare ta ɗauki fasinja, tunda mambobinsu ne suka fi kowa kwana a hanya. Ƙungiyoyin makanikai da masu wayarin kuma su ne mabuɗin, domin mai mota abin da mai gyara ya gaya masa yake bi, kuma mai gyaran da ya sa ƙwai da rana tsaka ya karɓi kuɗinsa bai taɓa ganin aikin hannunsa da dare ba. Kame da tara su zo daga baya, bayan an ba mutane wa'adi da wurin da za su je a auna musu, don kada dokar ta zama wata sabuwar hanyar karɓar na goro a shingen hanya.

Dokar kuma kada a rubuta ta da sunan zenon kaɗai. Kasuwa ta riga ta fara juyawa zuwa ƙwayayen LED masu ɗan fanka a gindi, waɗanda suka fi sauƙin sawa, kuma idan aka cusa su a kaskon halojin mafi yawansu irin wannan ɓarnar suke yi. Abin da za a auna shi ne inda hasken ke sauka a jikin bango, ko wane irin ƙwai ne a ciki.